Gani Bai Kori Ji Ba: Gine-ginen Tunawa na Yamai da Hotunan da Muke Ɗauka Gabansu

Duk ɗalibin da ya yi wata uku a Yamai, in ka amshi salularsa ka duba, da wuya ka rasa hotuna uku: ɗaya bisa Gadar Kennedy da la'asar sakaliya, rana na shirin faɗawa bayan kogin Isa, ɗaya gaban babban masallacin nan da ake ce ma na Kaddafi, ɗaya kuma bakin wani shataletale mai dogon gini a tsakiya. Su ne ake tura ma ƴan gida, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, don a shaida cewa yaro ya iso babban birni lafiya. Babu laifi cikin wannan. Sai dai ku sake duban hotunan da kyau: cikin kowannensu mun juya ma abin baya. Haka selfi yake, dole fuskarka ta kalli waya, ginin ya tsaya bayan ƙeyarka. Wanda ma abokinsa ya ɗauka, tsayuwar ɗaya ce.

Ana cewa gani ya kori ji. A wajen gine-ginen tunawa, ni dai ban yarda ba. Mun gani, mun ɗauka, mun watsa a WhatsApp, amma ba mu ji komi ba, don ginin bai yi mana magana ba, mu kuma ba mu tambaye shi ba. Laifin rabi da rabi ne: akwai na waɗanda suka gina, akwai namu masu ɗaukar hoto. Su biyun nake son mu duba.

Kalmar da ba mu da ita

Mu fara daga harshe, tunda shi ne sana'ata. Yaya ake ce ma monument da Hausa? Ku gwada tambayar nan a fada, za ku sha gardama har shayi na uku ya huce. Wani zai ce abin tunawa, amma zoben da kakarka ta bar maki shi ma abin tunawa ne. Wani zai ce kufai, amma kufai wurin da aka tashi aka bari ne, ba wanda ya gina shi da niyya. Hubbare na kabarin babban malami ko shugaba ne, kamar na Shehu a Sakkwato. Ganuwa, kamar wadda Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita, don tsaro aka yi ta, daga baya ta zama tarihi. In ka ce mutum-mutumi, mutane su tuna abin korar tsuntsaye a gonar gero. In ka ce gunki, to ka ja ma kanka wa'azi. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa ba kasafai ake kafa siffar mutum sukutum a garuruwanmu ba. An fi son dogon ginshiƙi, ko ƙwarya, ko raƙumin dawa, ko tambarin Agadas.

Rashin kalmar ba ya nufin ba mu iya tunawa ba. Yana nufin ba a dutse muke ajiye tunawa ba, a baki muke ajiye ta. Tsofaffinmu suna ba shekara suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 ita ce El Buhari, don ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Ba siminti, ba fenti, amma har yau tsohuwa a karkarar Maraɗi za ta ce maka an haifi wane shekara biyu bayan El Buhari, kuma kowa ya gane. Haka kirari, haka sunan da ake raɗa ma jariri don kada sunan kakansa ya ɓace. Duk waɗannan suna da abu guda: sai an faɗe su suke rayuwa.

Ita kanta kalmar Faransancin daga Latin ta fito, daga wani aikatau mai ma'anar tunatarwa da gargaɗi. Ke nan ko wajen masu ita, ginin da ba ya tunatarwa bai cika sunansa ba. Da wannan ma'auni zan auna na Yamai.

Gadar da muke hawa kullum

Ba inda ya kamata mu ɗalibai mu fara in ba Gadar Kennedy ba. An buɗe ta a 1970, da kuɗin Amurka aka gina ta, shi ya sa take ɗauke da sunan shugabansu. Shekara arba'in ita kaɗai ce gadar Yamai, sai a 2011 aka samu ta biyu wadda Sin ta gina, a 2021 ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce. Jami'armu tana Harobanda, wato ƙetaren ruwa a Zabarmanci, don haka duk mai son shiga gari daga kampus, tun zamanin iyayenmu, nan ce hanyarsa.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka fito maci don ƙin amincewa da matakan tsuke bakin aljihu da ake shirin ɗora ma ilimi. A wannan gada jami'an tsaro suka tare su, suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka rasu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Maman Saguirou. Wasu da dama suka ji rauni. Jinin nan bai tafi a banza ba. Daga shi ne ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa lamba har aka yarda da jam'iyyu da yawa, aka buɗe Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, aka rufe shi ranar 3 ga Nuwamba. Zauren da aka yi taron har yau sunansa Palais du 29 juillet.

To yanzu ku koma ga hotunanmu na bisa gadar. Me ke ciki? Jan sararin sama, masu kwale-kwale, masu wanki a bakin ruwa, sabuwar riga, yatsu biyu a sama. Rubutun ƙasan hoton kuwa, in an yi shi, wata ƴar jimlar Faransanci ce kan kyawon faɗuwar rana. Ban ce a daina murmushi bisa gada ba. Waɗanda suka mutu nan ɗin ai matasa ne kamarmu, sun san dariya. Abin da nake faɗi shi ne, muna tsaye daidai inda tarihin ƙungiyarmu ya fi nauyi, amma hoton da muka ɗauka za a iya ɗaukar irinsa bisa kowace gada a duniya.

Kuma in an bi gaskiya, birnin bai taimake mu ba. Gadar na kiran sunan mutumin da bai taɓa taka ta ba, don ya rasu tun 1963. Shataletalen da ke gindinta, wajen gari, shi aka ba sunan Martyrs. Kalma ce ta Faransanci, jam'i, ba ta ce su wane ne ba, ba ta ce yaushe ba. Ga ɗan kabu-kabu, Martir sunan wuri ne kawai, kamar Wadata ko Katako, inda ake sauke fasinja a amshi kuɗi. Yau kuma an ɗora hanyar sama a wurin, motoci na wucewa a guje. Wa ke da lokacin tambayar shahidan me?

Ku kwatanta da Place AB cikin kampus. Ba wani gini na a zo a gani, amma kowane sabon ɗalibi ya san ta cikin mako guda, don nan ake taro, nan ake jawabi, nan ake yanke shawarar shiga yajin karatu ko fita. Wurin na da rai saboda ana magana cikinsa. Duk da haka ku lura da abin da taƙaitawa ke yi ma suna. AB ɗin nan mutum ne: Amadou Boubacar, ɗalibin da ya rasu a tsare a 1983, zamanin Kunce. Muna furta baƙaƙe biyu sau goma a yini, mutumin na ta nisa. Baki na iya rayar da suna, yana kuma iya tauna shi har ya zama ƙara kawai.

Ranar da aka sauya alluna

Ranar 15 ga Oktoba 2024 hukumomi suka sauya sunayen wasu wurare a Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Jibo Bakari. Dandalin Francophonie ya koma na Ƙawancen Ƙasashen Sahel. Ginin tunawa da mamatan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, wanda Turawan mulkin mallaka suka kafa, aka raɗa masa Bubandey Batama da Zabarmanci, aka faɗaɗa shi ya haɗa da duk waɗanda suka rasa rayukansu tun daga zuwan Nasara. A dandalin Monteil kuma aka cire fuskar Parfait-Louis Monteil daga jikin dutse, aka sa ta Thomas Sankara. Ranar ma tana da nata tarihin: 15 ga Oktoba 1987 aka kashe Sankara a Wagadugu.

Wanda ya san tarihi zai ji daɗin na farkon. De Gaulle ne ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba su ne suka ce a kaɗa a'a, a amshi ƴanci nan take. Sun sha kaye, an haramta jam'iyyar, shi ya yi gudun hijira, magoya bayansa da yawa suka ƙare a kurkuku ko kabari. Yau sunansa ya hau bisa allon abokin hamayyarsa. Wannan ramuwa ce mai ma'ana, ban da ja a kai.

Inda nake da magana shi ne wajen Monteil. Shekara da shekaru fuskar mutumen nan tana kallon masu wucewa, kuma mafi yawanmu ba mu san ko wane ne ba. Yanzu an cire ta, har yanzu ba mu sani ba. To ga shi: hafsan sojan Faransa ne da ya taso daga Saint-Louis ta Senegal a 1890, ya ratsa ta Sayi, Sakkwato, Kano da Kukawa, ya ɓulla Tarabulus a 1892. Ba yawon buɗe ido ya fito ba. A 1890 Faransa da Ingila sun shata layi bisa takarda, daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, don raba ƙasashen da ba su ma gani da idonsu ba. Monteil ya zo ya ga abin da layin ya ƙunsa, yana biɗar sa hannun sarakuna bisa takardun yarjejeniya. An yi ta gyara layin daga baya, amma shi ne kakan iyakar da ta sa yau Bakatsinen Maraɗi ke nuna takarda kafin ya je suna Katsina, ɗan Ƙonni ke canjin kuɗi kafin ya sayi goro a Illela.

Ba ka gani? Labarin da ya fi shafar duk mai jin Hausa yana manne jikin dutsen nan, kuma ba a taɓa faɗa mana shi ba, da can ko yanzu. Da ni aka tambaya, sai in ce a sa Sankara, amma a bar wani ƙaramin allo a gefe da zai ce: nan da can hoton wane ne, ga abin da ya zo yi, ga dalilin da ya sa muka sauke shi. Wanda ya share sawun ɓarawo ya rage ma kansa hujja gaban alƙali. Yaron da za a haifa bana zai tashi ya ga Sankara kawai, ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal.

Ga kuma wani abu: tarihin mamaya mafi ɗaci ba a Yamai ya faru ba, don ita sai 1926 ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, a watan Yuli aka kashe jagororin biyu a yankin Tasawa, kuma kaburburansu na nan a Maijirgi. Yawancinmu ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ko fim ɗin Med Hondo na 1986 muka san Sarauniya. Mu da muke ratsa Ƙonni cikin bus duk hutu, mu nawa muka taɓa sauka muka tambayi wani dattijo abin da kakansa ya faɗa masa? Muna da hoton shataletale goma na Yamai, ba mu da ko ɗaya na inda aka zubar da jinin danginmu.

Da wane harshe allon ke magana?

A ce ma ka juyo, ka fuskanci ginin, ka matsa kusa. Me za ka tarar? Mafi yawan lokaci farantin marmara ko na ƙarfe, da Faransanci, kuma abin da ya fi girma a jiki shi ne sunan wanda ya yanke ƙyalle da ranar da ya yanke. Wato allon na tunawa da bikin buɗewa fiye da abin da aka gina don a tuna. Mai sayar da ruwan leda da ke yini gindin wurin, da mai faci, da talibin da ke fakewa a ƴar inuwarsa, su ne suka fi kowa zama da ginin, kuma su ne ba a rubuta ma komi ba.

Ko inda aka ɗauko kalmar gida, da rigar aro ake fito da ita. Ku tuna bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha jiha: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. Lokacinsu ne aka gina yawancin shataletale da ƙofofin shiga gari da muke ɗaukar hoto gabansu a gida. Kolliya ai kwalliya ce. Saboua ai sabuwa ce. An rubuta su da manyan baƙaƙe yadda Bafaranshe zai iya karantawa, a garuruwan da kowa ke jin Hausa. Yaron da ya koyi karatu a makarantar harshe biyu, ko matar da ta yi yaƙi da jahilci, sai sun yi tuntuɓe kafin su gane kalmarsu ce. Haka Doutchi maimakon Dutsi, Tessaoua maimakon Tasawa, Guidan Roumdji maimakon Gidan Rumji. Maraɗi kanta an cire mata lanƙwasa.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. Lanƙwasar nan ita ke raba baki da baƙi, ita ke raba kafa da ƙafa. Kuma ba a rasa ƙa'ida ba: tun taron Bamako na 1966 ake aikin daidaita rubutun harsunanmu, kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance a 1999. Abin da ya rage shi ne mai zanen allo ya san da ita, wanda ya ba shi kwangila kuma ya damu.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu masu nazarin harshe mun san doka ba ta sauya allo da kanta. Sai wani ya ɗauki fenti. Kuma ina jan kunnen ƴan'uwana Hausawa: kada mu maye gurbin kurman allo da wani kurman allon. Yamai ƙasar Zabarmawa ce, akwai Fulani, Buzaye, Barebari, Gurmawa, Tubawa da Larabawa cikinta. Sunan Bubandey Batama ya burge ni daidai don ya sa ni, Bahaushe, na tambayi abokin ɗakina ma'anarsa, muka yi hira ta awa guda. Allo mai kyau a Yamai shi ne mai Zabarmanci da Hausa, da Faransanci ga baƙo. A Agadas a ƙara da tifinag. A ko'ina kuma a tuna da ajami, don akwai dubban mutane da ba su yi lakwal ba amma sun yi allo, kuma in ka rubuta masu da baƙaƙen da suka sani za su karanta maka tas.

Gini don mota, ko don mutum?

Akwai aibin da ba na harshe ba, na wuri ne. Me ya sa kusan duk abin tunawa sai a dasa shi tsakiyar shataletale? Don ka isa gare shi sai ka ratsa taksi da faba-faba da kabu-kabu, ranka a hannu. In ka isa, ba benci, ba inuwa, ga ranar Afrilu. An yi shi ne don a hange shi ta tagar mota cikin daƙiƙa biyar. Ginin da aka yi don hange ba ya da abin ba mutum sai siffa, shi ya sa mu ma siffar kawai muke ɗauka mu wuce. In biki ya wuce kuma, fenti ya koɗe, famfon ya ƙafe, fitilun su mutu ɗaya bayan ɗaya, masu talla su manna takardunsu. Wasu wuraren ma, kusa da gine-ginen hukuma, da ka ɗaga salula za a tambaye ka abin da kake ɗauka. A halin tsaron da ake ciki ba a ga laifin mai tambaya ba, kuma wajibi ne mu kiyaye. Amma abin tunawa da jama'a ke tsoron tsayawa gabansa, wa yake tunatarwa?

Ku je gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda kowa ke ce ma Musée, ku ga bambanci. An kafa shi a 1959. Cikinsa akwai wani busasshen icce da aka gina ma rumfa. In don kyau ne, ba wanda zai dube shi sau biyu. Amma shi ne iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamada, ba wani icce kusa da shi har tafiyar kilomita 400, ayarin gishiri na Bilma na yin alama da shi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, aka kwaso gawarsa zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk wanda ya ji labarin nan sau ɗaya ba ya mantawa, kuma sai ya ba wani: duk faɗin Tenere, a rasa abin da za a kaɗe sai icce ɗaya tilo! Ran sallah yara na cika wurin, ana zaune, ana yawo a ƙafa, ana tambaya. Iccen ya yi nasarar da dogayen ginshiƙai ba su yi ba, don yana da labarin da ya dace da baki, kuma yana inda mutum zai iya tsayawa ya ji shi.

Haka 13 ga Mayu. A ranar, a 1991, matan Yamai suka yi maci don an kusan shirya Taron Ƙasa ba da su ba. Ba dutse ke riƙe da ranar nan ba, zane ne: kowace shekara ana fitar da atamfarta, mata su ɗinka su fito. Abin tunawa ne da ake ɗaurawa a ƙugu, yana shiga kasuwa da gidan suna. Shi ma in ba a yi hattara ba zai koma kwalliya zalla, a san zanen a manta macin. Amma aƙalla yana yawo cikin mutane, yana jawo tambaya.

Abin da ke hannunmu

Gyaran alluna aikin magajin gari ne, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su kai masa kuka a rubuce, tare da fassarar da muka riga muka shirya, don kada a ce ba a samu mai yi ba. Sashen nazarin harsuna da na tarihi suna da ɗaliban da za su iya wannan cikin mako biyu. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba.

Ranar da aka sauke Monteil, duk wani tsohon hoto da aka ɗauka gaban dutsen nan ya tashi daga hoton yawo ya zama shaida. Wanda ke da shi cikin tsohuwar waya ko akwatin babansa, yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba har abada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana hotunanmu sun fi ƙarfin abin da muke zato. Birni na sauya fuska da sauri, sunaye na hawa suna sauka tare da gwamnatoci, kuma ba wanda ke ɗaukar hoton titunan nan kullum kamar mu.

Don haka in ka gama selfinka, juya. Waiwaye adon tafiya. Ɗauki ginin shi kaɗai, ɗauki allon kusa yadda za a iya karanta shi, har da inda ya tsage. Nemi wanda ya fi daɗewa a wurin, mai shayi ko mai gyaran takalmi, ka gaishe shi da ladabi, ka ce: Baba, yaya kuke ce ma wurin nan, kuma me aka ce ya faru? In ya yarda, ɗauki muryarsa. Sau da yawa sunan da zai ba ka daban yake da na allo, kuma duka biyun tarihi ne. Sannan ka rubuta ƙasan hoton da Hausa ko Zabarmanci ko harshen gidanku, da lanƙwasa da komi: sunan hukuma, sunan jama'a, kwanan wata. Layi uku sun isa. In hutu ya zo, a yi haka a Birnin Damagaram, a tsohuwar Maraɗi ta cikin kwari da ambaliyar 1945 ta tashi, a Ƙonni, a Maijirgi, a Lugu ga mai halin zuwa. Kowa ya kawo abin da ya samo, mu haɗa, mu buga a ƴan takardun nan namu ko da baƙi da fari ne.

Tara ga Fabrairu na nan tafe. Za a yi jawabi, za a yi addu'a, za a ɗauki hotuna ɗaruruwa. Roƙona ɗaya ne: duk wanda zai saki hoto a ranar, ya rubuta sunayen nan uku cikakku a ƙasansa, ya kuma karanta su da ƙarfi ga ƙanensa da ke lise. Allah ya jiƙansu, ya sa mu zama masu tunawa da hujja.